Cin 270 a JAMB ba shi ne samun gurbi a ABU ba

Da zarar JAMB ta saki sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a garin Kaduna, daga Rigasa har Kawo: "Yarona ya ci 270, zai samu likitanci a ABU?" Duk wanda ya amsa maka da eh ko a'a daga jin maki kawai, faranta maka rai yake yi. Abu uku ake dubawa: gurbi nawa ne a kwas ɗin, mutum nawa ke nemansa, sannan a wane kaso za a saka sunan yaron.

Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, wanda a 2025 ya kama 150 ga jami'o'i, izinin shiga layi ne kawai. A sakamakon farko da aka saki a 2025 ɗin, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. Ke nan mai 270 ya yi ƙoƙari ƙwarai, kada a raina masa. Matsalar ita ce masu irin makinsa wuri guda suke tururuwa: likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya, lauya, kwamfuta. Kuma yawancin waɗannan kwasa-kwasan ba jami'a kaɗai ke yanke adadin ɗalibansu ba. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ce ke ƙayyade yawan ɗaliban likitancin da kowace jami'a za ta horar, bisa malamai da kayan aiki da gadajen asibitin koyarwa. Lauyoyi ma suna da majalisar da ke yi musu wannan. Ko shugaban jami'a kawunka ne, ba shi da ikon ƙara gadaje a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu koma-baya a ilimin boko. A ce kwas yana da gurbi 100. Guda 45 na farko da duk Najeriya ake takara a kansu, ɗan Legas da ɗan Inugu duk suna ciki. Sauran 55 ɗin ne mutanenmu ke dogara da su, suna cewa ai Zariya gida ce. Gaskiya ne Kaduna tana cikin yankin ABU, tana kuma cikin kaso na uku. To amma Kano ma haka, Katsina ma haka, kusan duk Arewa haka. Rangwamen da kowa ke da shi ba ya fifita kowa. Shi ya sa nake ganin yaro mai maki mai kyau da iyayensa za su iya jure nisa, bai kamata ya rufe ido ga jami'o'in tarayya na Kudu ba, inda wannan kashi 20 ɗin ba ya samun cinkoson 'yan Arewa kamar na ABU.

Sai lissafin jimilla. Kowace jami'a da tsarinta, kuma tana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a karanta sanarwar bana, ba labarin yayan da ya shiga shekara huɗu baya ba. Wani tsari da ya yaɗu shi ne a raba makin JAMB gida 8 ya zama rabin jimilla, Post-UTME, wato jarabawar tantancewa da jami'a ke yi da kanta, ta cike ɗaya rabin. Mai 280 yana da 35. In ya ci 60 cikin ɗari a Post-UTME ya ƙara 30, jimilla 65. Mai 250 yana da 31.25, in ya ci 80 cikin ɗari ya ƙara 40, jimilla 71.25. Na biyu ya wuce na farko duk da tazarar maki 30 a JAMB. Yaran da suka ci maki mai yawa su suka fi sakin littafi bayan sakamako ya fito, a nan ake yi musu fintinkau.

Da yawa kuma ba sa ma kaiwa wajen lissafin, tun a takarda ake zubar da su. Likitanci na son Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a JAMB. Injiniya na son Lissafi a madadin Bayoloji. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko 320 ya ci ba za a duba shi ba. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama ɗaya ko biyu, wasu jami'o'in kuma ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Wanda ya yi rajista kafin sakamakon WAEC ko NECO ya fito, dole ya koma cibiyar jarabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita a ɗora masa shi. Ɗorawa a shafin jami'a daban, ɗorawa a JAMB daban, kuma in babu na JAMB jami'a ba za ta iya tura sunanka a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ba ko tana so. Ga bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da takardar sakandare, ga ƙa'idar sai ɗalibi ya kai shekara 16. Sannan jami'ar da ake rububi ba ta waiwayar wanda ya sa ta zaɓi na biyu, na farkon ma sun yi mata yawa.

Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, lissafinta daban ne, tunda ta jiha ce kuma 'yan asalin jihar ke da kaso mafi tsoka. Abin lura a garin nan: jihar asali da aka rubuta a fom ake dubawa, ba unguwar da aka haife ka ba. Akwai jami'ar tarayya ta Dutse da ta kimiyyar lafiya da ke Azare ga mai son fannin lafiya. In za a canja jami'a ko kwas a JAMB, a yi kafin wadda ake son komawa ta rufe rajistar tantancewarta.

Shawarar da ta fi cutar da yara ita ce wannan: "Ka karɓi duk abin da aka ba ka, in ka shiga sai a canja maka." Masu faɗin haka ba su ƙirga kujeru ba. Canjin kwas a cikin jami'a yana buƙatar sashen da kake ya sake ka, wanda kake so ya karɓe ka, CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na jami'a, ya yi sama, darussan JAMB da na sakandarenka su dace da sabon kwas, kuma a samu gurbi. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan zancen. Aji biyu na likitanci a cike yake da waɗanda suka haye daga aji ɗaya da masu shigowa ta DE, wato shiga aji biyu kai tsaye, sashen ma rage mutane yake yi don kada ya zarce adadin da aka yanke masa. Daga Kemistiri zuwa Lissafi ana iya dacewa. Daga Bayoloji zuwa likitanci kuwa, kada a gina shekara huɗu ta rayuwar yaro a kan wannan fata.

Taransifa daga wata jami'a zuwa ABU ta fi wannan wuya. Sai ka kammala aƙalla shekara guda da sakamako mai kyau, tsohuwar jami'arka ta aika da cikakken sakamakonka kai tsaye, ta tabbatar ba korarka aka yi ba, kwas ɗin da ka baro ya zama hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da shi, a kuma gyara bayananka a JAMB. Darussan da ba su yi daidai da manhajar sabon wuri ba sai ka sake su, sau da yawa a mayar da kai aji na baya. An tanadi wannan hanya ne don mai uzuri na gaske, irin rashin lafiya ko matsalar tsaro, ba don wanda makinsa bai kai ba bara.

Wanda ya ƙudurta sai kwas ɗin nan ko ta halin ƙaƙa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya sake zama JAMB, tunda sakamakonta na shekara ɗaya ne, ko ya bi IJMB, jarabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ce ke kula da ita, a wuri irin makarantar share fage ta SBRS Funtuwa, ya nemi aji biyu ta DE. Darussa uku ake yi, A tana da maki 5, E tana da 1, ƙololuwa 16 har da makin ƙari. Amma guraben DE sun fi na JAMB ƙaranci, kuma manyan kwasa-kwasai sai wanda ya kusa ƙololuwar.

Game da mai cewa a kawo kuɗi yana da hanya a ciki: gurbin da bai fito a CAPS ba, ɗalibi bai danna amincewa ba, bai fitar da takardar JAMB ba, sunansa ba zai shiga kundin ɗaliban da JAMB ta sani ba, kuma da wannan kundin NYSC ke tantance masu tafiya bautar ƙasa.