Wakilin Sarki a Landan da Hakimin Garinmu

Ranar da matata ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa a zauren ƙaramar hukumarmu da ke gabashin Landan, tare muka je da kawuna, wanda ya zo aikin ido. Muna zaune sai ga wani dattijo ya shigo cikin kaya irin na soja, takobi rataye a ƙugunsa. Kawu ya taɓo ni ya ce, "Kai ɗan nan, hakiminsu ke nan?" Na ce, "Kusan haka ne, Kawu, amma wannan mataimaki ne." Ya waiga baya, ya sake waigawa. "To ina dogarai?" Babu ko ɗaya. Mutumin ya yi jawabi gajere, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya sha shayinsa a tsaye, ya kama gabansa.

Tambayar Kawu ce ta sa na bi diddigin wannan sarauta. Kowace gunduma a Birtaniya tana da wakilin sarki, wanda suke kira Lord-Lieutenant. Tun zamanin Sarki Henry na Takwas aka fara naɗa su, kuma a lokacin aikinsu tara mayaƙa ne. A 1871 aka karɓe ragamar dakarun gunduma daga hannunsu. Abin da ya rage musu yau shi ne tarbar sarki da iyalansa idan sun kawo ziyara, da miƙa lambobin yabo, da ƙarfafa masu aikin sa kai. Ba su da albashi. Firaminista ne ke ba da suna, sarki ya naɗa, kuma bisa ƙa'ida mutum na cika shekara 75 zai sauka.

Dubi jerin waɗanda suka riƙe Landan. Lord Bramall, tsohon babban hafsan sojojin ƙasar, ya riƙe daga 1986 zuwa 1998. Lord Imbert, tsohon shugaban 'yan sandan birnin, ya gaje shi har 2008. Sai Sir David Brewer zuwa 2015, sannan Sir Kenneth Olisa, ɗan kasuwa haifaffen Nottingham, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Babu ɗan wani a cikinsu, babu wanda aka tuɓe, babu wanda ya kai wani kotu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman Olisa. A zamanin Firaminista Cameron aka naɗa shi. Firaminista May ta zo ta wuce, Johnson ya wuce, Truss da Sunak suka wuce, a 2024 mulki ya koma hannun wata jam'iyyar dabam, shi yana nan. Sarauniya Elizabeth da ta naɗa shi ta rasu a watan Satumba na 2022, ya ci gaba da wakiltar ɗanta. Ba wanda ya ce masa ai kai ɗan gwamnatin da ta shuɗe ne.

Mu fa? A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, hakimai suka wayi gari mubaya'arsu ta koma Bichi ko Rano ko Gaya ko Ƙaraye. A watan Maris na 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu. A watan Mayu na 2024 majalisar jiha ta soke waccan doka, aka dawo da shi, Aminu Ado Bayero kuma, wanda ya gaje shi a 2020, ya tare a gidan Nasarawa, magana ta tafi kotu. Kowa idonsa na kan sarakunan biyu. Ni hakimai nake tausayi. Dattijo mai rawani, wanda ya shekara talatin yana sasanta mutane, a ce sai ya tsaya lissafin fadar da zai je gaisuwa don kada rawaninsa ya faɗi. Wallahi abin yana ci mini rai.

Kada a ɗauka ina cewa nasu ya fi namu ta kowace fuska. Na tambayi maƙwabtana biyu Turawa sunan wakilin sarkinsu, babu wanda ya sani. Hakimin garinmu kuwa yaro ma ya san ƙofar gidansa. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka yi rikicin iyakar gona tsakanin mahaifina da ɗan'uwansa. Dagaci ya kasa, aka wuce gaban hakimi. Na tuna muna zaune a kan yashin zaure, takalmanmu a waje, ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya sa aka kira wani tsoho makaho da ya san inda tsohuwar bishiyar kuka take kafin ta faɗi. Kafin la'asar an gama, 'yan'uwa suka fito suna ta "ranka ya daɗe". Wakilin sarki a Landan ba ya irin wannan aiki, ba a ma sa ran ya yi. Duk da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya rage wa hakimai iko, mutane ba su daina kai musu kukansu ba.

Saboda haka ba na goyon bayan a kwaso mana iyakar shekara 75. A wurinmu tsufa na cikin abin da ke sa a ji maganar hakimi. Abu ɗaya nake so mu ɗauka: rubutacciyar ƙa'ida ta yadda ake naɗa hakimi da laifin da zai sa a sauke shi, wadda sauyin gwamna ko sauyin sarki ba zai taɓa ta ba. Idan ya ci amanar talakawa, a bincika a fili a cire shi. Idan kuwa laifinsa kawai shi ne wanda ya naɗa masa rawani ya bar gado, a ƙyale shi ya yi aikinsa.

A jirgin ƙasa muna komawa gida na faɗa wa Kawu cewa Olisa zai cika 75 a watan Oktoba na 2026, kuma tun ranar naɗinsa kowa ya san haka. Ya yi shiru, yana kallon waje ta taga da idon da aka yi masa aiki. Can ya ce, "Namu hakimin, da Sallar bara, bai san inda zai kai dokinsa ba."