Kana so mu kira wuta daga sama?

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwana.

Akwai wani wuri a Bisharar Luka da ba kasafai nake jin an yi wa'azi a kansa ba, sura 9 daga aya 51. Yesu ya kama hanyar Urushalima, ya aiki waɗansu su riga shi zuwa wani ƙauyen Samariyawa su nema masa masauki. Mutanen ƙauyen suka ce ba su da wuri. Laifinsa kawai shi ne inda ya nufa. Gabar tsohuwa ce: Samariyawa suna sujada a Dutsen Gerizim, Yahudawa a Urushalima, kuma fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu mayaƙan Yahudawa sun rushe haikalin da ke kan Gerizim. Kowane yaro a ɓangarorin biyu ya tashi da labarin daga bakin kakarsa. Mu da muka zauna a Kaduna ko Jos ba sai an fassara mana irin wannan zama ba.

Da Yakubu da Yohanna suka ji an hana Malaminsu wurin kwana, sai ransu ya ɓaci, suka ce, "Ubangiji, kana so mu kira wuta daga sama ta cinye su?"

Kada mu yi saurin ganin baƙinsu. Mutanen nan biyu sun san ko wane ne Yesu. A cikin surar nan ɗin suka hau dutse tare da shi, suka ga kamanninsa sun sāke, suka ga Musa da Iliya suna magana da shi. Kuma suna da ayar da za su kafa hujja da ita, domin a littafin Sarakuna na biyu, sura 1, Iliya ya kira wuta har sau biyu a kan sojojin da sarkin Samariya ya aiko, hamsin hamsin. Gaskiya tana hannunsu, Littafi yana bayansu, kishin Ubangiji yana cin zuciyarsu. Amma Yesu ya juyo ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.

Abin da ya daɗe yana damuna ke nan. Ashe mutum yana iya tsayawa kusa da wanda ya ce "Ni ne hanya, ni ne gaskiya, ni ne rai", yana jin muryarsa kullum, amma zuciyarsa tana roƙon wuta a kan mutane.

Na san haka domin na yi. Shekarun baya na samu saɓani da maƙwabcina a kan kwata. Ya ɗaga katangarsa, ya toshe hanyar ruwa, damina na sauka ruwan ya koma tsakar gidana, har ya jiƙa mana buhun masara. Na fito da takardar fili, na kira mai unguwa, aka auna, aka ce ni ke da gaskiya. Ya buɗe kwatar yana gunaguni. Da a ce nan maganar ta tsaya, da ba ni da abin faɗi yau. Amma na riƙe shi a zuciya shekara biyu cur. Na daina gaishe shi, na hana yarana shiga gidansa. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. A duk tsawon lokacin nan ban fasa sujada ba, ban fasa baiko ba, ina karɓar jibin Ubangiji, har ina koyar da ajin masu shirin baftisma.

Wata Lahadi da sassafe na fito da Littafi Mai Tsarki a hammata. Na hango maƙwabcin nan nawa a bakin hanya, babu hula, silifas ɗinsa ma wari da wari, yana ta ɗaga wa masu Keke Napep hannu suna wucewa cike da mutane. Matarsa tana zaune a kan dakali, ta dafe ciki, an lulluɓa mata zane. Babur ɗina yana ƙarƙashina, da mai a cikinsa. Na gan su, shi ma ya gan ni. Na kau da kai, na bi ta ɗaya gefen kwalbatin, na ce wa raina zan makara.

Da na dawo na tarar uwargidana tana zuba kunu a fulas. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce, "Maigida, an kwantar da maƙwabciyarmu a asibiti. In ka hana ni zuwa ba zan yi maka gardama ba, amma ka faɗa mini abin da zan gaya wa Yesu." Ban iya ba ta amsa ba. Ta ɗaura ɗankwalinta ta fita.

Ku buɗe sura ta gaba, Luka 10. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu, wane ne maƙwabcina? Yesu ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa dūka a hanyar Urushalima zuwa Yariko, gangara mai tsawon wajen kilomita 27 a cikin duwatsu da jeji. Firist ya gan shi, ya ratse. Balawe ya gan shi, ya ratse. Su ne masana, su ne masu hidimar Haikali, babu abin da za ka koya musu game da dokar ƙaunar maƙwabci. Wanda ya tsaya, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya ba mai masauki dinari biyu, wato ladan ƙwadagon kwana biyu, Basamariye ne. Ku yi tunanin Yohanna in yana cikin masu sauraro a ranar. Mutanen da ya so a ƙone ɗazu ɗazun nan, daga cikinsu Yesu ya ɗauko wanda zai zama abin koyi.

Mu ma Allah bai bar mu ba tare da irin wannan shaida ba. A ranar 23 ga Yuni, 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, mutane suka gudu zuwa Nghar Yelwa. Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista. Ya fito ya tsaya a gaban masu makamai yana roƙonsu, ya ƙi miƙa kowa. Duk lokacin da na tuna da shi sai kunya ta rufe ni, domin shi ya sa ransa a bakin ƙofa saboda mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ni kuwa babur na hana maƙwabcina saboda kwata.

Wani zai ce, to, mu bar faɗin gaskiya ke nan don a zauna lafiya? A'a. Yesu bai taɓa sassauta gaskiya don ya faranta wa kowa rai ba. A bakin rijiyar Yakubu ya gaya wa matar nan Basamariya cewa ta yi maza biyar, kuma wanda take tare da shi ba mijinta ba ne. Magana ce mai ɗaci. Amma ku duba abin da ya fara yi: ya zauna, ya roƙe ta ruwan sha, shi Bayahude, daga gugan Basamariya. Da gaskiyar ta zo, sai ta zo daga bakin wanda bai ƙyamace ta ba, shi ya sa ta bar tulunta ta ruga gari tana kiran mutane. Abin da Bulus yake nufi ke nan a Afisawa 4:15 da ya ce mu faɗi gaskiya cikin ƙauna. Yawancin abin da muke kira tsayawa kan gaskiya a Facebook, zagin wata ɗarika, tona asirin fasto, jifan maƙwabtanmu Musulmi da baƙar magana, ba haka yake ba. Wuta muke kira daga sama, muna liƙa mata aya.

Abin da ke ƙarfafa ni shi ne Yesu bai kori Yohanna ba. Ya ci gaba da tafiya da shi har gindin gicciye, inda ya ji da kunnensa, ko ya ji daga waɗanda suka ji, ana roƙa wa masu buga ƙusa gafara. Bayan haka, a Ayyukan Manzanni sura 8, labari ya iso Urushalima cewa Samariya ta karɓi maganar Allah. Wa aka aika? Bitrus da Yohanna. Ya je ya ɗora hannunsa a kan Samariyawa yana addu'a su karɓi Ruhu Mai Tsarki, a hanyarsu ta komawa kuma suka yi ta shelar bishara a ƙauyukan Samariyawa da yawa. Nakan tambayi kaina ko ya bi ta wancan ƙauyen, ko ya ga yara suna wasa a ƙofar gidajen da ya so su zama toka. Wannan mutumin, da Yesu ya yi wa laƙabi da ɗan tsawa, shi ne ya rubuta cewa wanda ya ce yana ƙaunar Allah amma yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne. Maƙaryaci fa ya ce. Ni da nake alfahari da gaskiyata, sunan da ayar ta ba ni ke nan.

Daren Lahadin nan ban yi barci ba. Da gari ya waye na bi uwargidana asibiti. Na same shi a baranda a kan tabarma, idanunsa sun yi ja. Na durƙusa na ce, "Baba, jiya na gan ka, na wuce. Ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona, sannan ya matsa ya ba ni gefen tabarmar, ya ce, "Zauna, ɗana. Sun ce sai an ƙara mata jini." Na tashi na je aka gwada nawa.