Tsufa kawai ba ya sa bindiga tsada

Mai rahoto ka ce Arisaka ɗin nan, bindigar sojan Japan ta da, ta yi tsada don ta tsufa, a'a malam ba haka abin yake ba. Samfurinta na Type 99 daga 1939 zuwa 1945 Japan ta riƙa ƙera ta kuma miliyoyi aka yi, ai da irinta aka riƙa harbin kakanninmu a yaƙin Bama. Masu tara tsofaffin bindigogi abin da suke fara dubawa shi ne tambarin furen sarki a saman ƙarfen, don bayan saranda a 1945 an goge na mafi yawansu, sannan su duba ko lambobin sassanta sun zo ɗaya. In an shafa mata sabon fenti kuwa kuɗi ya zube. Mai wuyar samu ita ce Type 2 ta sojan laima wadda ake raba ta biyu.