Ramin tsutsa: lissafi ya yarda, amma wa ya taɓa ganinsa?

Jiya da dare a fadarmu nan Maradi, muna jiran shayi na biyu, ƙanena ya miƙo mini waya: "Yaya, dubi, wai Turawa sun buɗe ƙofar da za ka shiga nan ka ɓulla wata duniya." Na kalli bidiyon har ƙarshe, raina ya ɓaci. Maganar tana da tushe, kuma shi ya sa ƙarin gishirin da aka yi mata ya dame ni.

A 1915 masanin kimiyya Albert Einstein ya nuna cewa nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci. A 1935 shi da Nathan Rosen suka ga lissafin yana ba da damar wata gada tsakanin wurare biyu masu nisa. Ɗauki tabarma, tururuwa na wannan baki tana son zuwa wancan. In ka naɗe tabarmar bakunan suka haɗu, taku ɗaya ya ishe ta. John Wheeler ne ya raɗa wa wannan yanke suna ramin tsutsa a 1957.

Dole abin ya ja hankali. Tauraro mafi kusa da ranarmu, haske ma sai ya yi sama da shekara 4 kafin ya kai shi. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya haura shekara 70,000.

To ga inda gizo ke saƙa. A 1962 Wheeler da Robert Fuller suka lissafa cewa ramin yana tsukewa ya tsinke tun haske bai ƙetare ba. Duk wanda ya ga ana haƙa rijiya a ƙasa mai yashi ya san wannan: in ba a ɗaure ta da siminti ba, ruftawa take. A 1988 Kip Thorne da ɗalibinsa Michael Morris suka nemi abin da zai ɗaure wannan rijiyar, suka ga sai wani abu mai tura bango waje maimakon jawo shi, wato makamashin da ke ƙasa da sifili. Akwai alamarsa tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka matso da su dab da juna. Hendrik Casimir ya hango shi a 1948, aka auna ƙarfinsa a 1997. Sai dai ɗan mitsitsi ne ƙwarai, ko kusa bai isa ya riƙe ƙofar da mutum zai bi ba.

Abin da bidiyon ke kururutawa kuwa gwajin 2022 ne, inda masana suka kwaikwayi lissafin a wata kwamfutar Google. Babu ramin da ya buɗe ko'ina.

Ni dai ba na zaton ɗan Adam zai ratsa irin wannan rami, Allahu a'alamu. Na san za a ce baƙin rami ma, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, a takarda ya fara, sai ga hotonsa a 2019. Gaskiya ne. Amma shi mun san yadda yake samuwa: ƙaton tauraro ne ke mutuwa ya rufta cikin kansa. Ramin tsutsa har yau ba a san abin da zai haife shi ba.

Ƙanen nawa na ajin ƙarshe a lise, burinsa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Na ce ya zo mini da littafinsa ranar Asabar, mu lissafa shekara 70,000 ɗin nan da hannunmu.