Kuɓewar kakata da jan ƙyalle

A gidanmu a Maiwurno, nan bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, akwai wata kuɓewa da muke kira 'yar Sakkwato. Kakata ta rantse cewa a bakin zani kakanninta suka ƙullo irin, lokacin da jama'a suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Ban taɓa musa mata ba, don mai musu ba ya samun ƙarin miya.

Doguwa ce, mai yauƙi, kuma idan aka busar da ita aka daka, garinta, wanda muke kira weka, ya fi na kasuwa ƙamshi nesa ba kusa ba. Irin fakiti kuwa, wanda aka yi wa aure, shekarar farko zai ba ka mamaki, amma ka shuka 'ya'yansa baɗi ka ga kowanne ya kama gabansa. Saboda haka kowace damina nakan zaɓi manyan ƙwaya a jikin itacen da ya fi lafiya, in ɗaura musu jan ƙyalle, a bar su su bushe har su fara tsagewa suna kacau-kacau. Sannan in ɓare, in cuɗa da toka saboda ƙwari, in zuba a gora in toshe. Ba na ba kowa. Maƙwabcina ya roƙa har ya gaji.

Bana sai ga 'yar ƙanena ta zo daga Omdurman, yarinyar da ta san kuɓewa a faranti kawai. Na dawo daga masallaci na tarar da asida, wato tuwonmu na nan, da miya. Loma ɗaya na ji kamar ina tauna igiyar rama.

"Baffa, ai na hutar da kai," in ji ta tana murmushi. "Duk waɗanda ka sa wa alama na tsinke, ban bar ko ɗaya ba. Ga ƙyallayen ma na wanke."

Uwargida ta shige ɗaki, ina jin dariyarta ta bango. Goran kuma babu komai, na shuke duka tun farkon damina, kajin uwargida sun tone rabi.

Da magariba na je wurin maƙwabcin nan in kai kukana. Ya saurara, ya kurɓi jabana, wato gahawa, sannan ya ja ni bayan gida. Ga 'yar Sakkwato nan jere, ta fi tawa tsawo.

"Malam, wannan daga ina?"

"Hajiyarka ce ta ba tawa, tun bikin sunan autanku. Rabin unguwar nan ita suke sha."

Na ce to ya ɗan ɗibar mini. Ya gyara rawani ya ce shi fa ba ya ba da iri, amma zai yi shawara da iyali.