Ku jiƙa takin kafin ku juya shi

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai game da yadda ake koya wa mutane haɗa takin lambu. Mai koyarwa zai bi da kai dalla-dalla: ga yadda ake jera busasshen ganye da ɗanye, ga inda ake zuba kashin dabbobi, ga lokacin juyawa, ga alamar cewa taki ya nuna. Duk wannan daidai ne. Amma da wuya ka ji ya ce uffan a kan huhunka, ko a kan ɗan yankan da ke yatsarka. In ma an taɓo maganar tsafta, ba ta wuce "in ka gama ka wanke hannu". Ni kuwa a ganina, kafin a kai ga wanke hannu, mafi yawan abin da zai cutar da mutum ya riga ya shiga jikinsa. Abin da na fi tsoro a wajen taki shi ne ƙurarsa.

Kada wani ya ɗauka kushe takin gida nake yi. Ina son sa, kuma ina ganin duk mai shuka ya kamata ya iya haɗa shi. Ƙasa mai kyau cike take da rai, kuma yawancin halittun da ke cikinta amfanin mu suke yi. Maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin tibi, wato sitireftomaisin, daga wata bakteriya ta cikin ƙasa aka samo shi a 1943, a Jami'ar Rutgers ta Amurka. Sai dai ɗumi da danshi da ruɓaɓɓen ganyen da ke raya masu amfani su ne kuma ke raya masu cutarwa. Jujin taki ba ya tantancewa.

Duk wanda ya taɓa juya tarin taki bayan ya ɗauki makonni a ajiye ya san yadda abin yake. Kana luma shebur ka ɗago, sai ka ji ɗumi ya bugi fuskarka, wani lokaci har da turiri. A can ciki ka tarar da fari-fari ko toka-toka ya bi jikin ganye kamar an barbaɗa. In saman ya bushe, wani siririn hayaƙi zai tashi, ba ka ma lura da shi sai hasken rana ya ratsa ta cikinsa. Kai kuma kana sunkuye, kana haki saboda aiki, bakinka a buɗe. A cikin wannan hayaƙin akwai irin wata fumfuna da likitoci ke kira Asfajilus. Tana jure zafin da ke kashe sauran 'yan'uwanta, shi ya sa tarin taki ya zama gidanta. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne ƙwarai, ba su wuce maikiron 2 zuwa 3 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), saboda haka gashin hanci ba ya tare su, sai sun kai can ƙasan huhu.

Gaskiya ne cewa kowa na shaƙar wannan irin kullum a cikin iska, kuma lafiyayyen jiki yana share shi ba tare da mutum ya sani ba. Matsalar tana zuwa ne ta fuska biyu: ko yawan abin da aka shaƙa a lokaci ɗaya, ko raunin wanda ya shaƙa. A 2008 mujallar likitoci ta Lancet ta kawo labarin wani mutum mai shekara 47 a Ingila wanda ya baza ruɓaɓɓen ganye da itace a lambunsa, ƙura ta turnuƙe shi, cikin 'yan kwanaki wannan fumfuna ta cinye masa huhu ya rasu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ya fi yawa, kuma ya fi damuna, shi ne na masu tsohon ciwo. Mai asma yana iya samun tashin ciwonsa. Wanda ya warke daga tarin tibi sau da yawa akan bar shi da rami a huhu, fumfunar nan kuwa tana iya zama a cikin ramin ta dunƙule, mutum ya koma tari da jini da rama, a ɗauka tibin ne ya dawo. Haka wanda ke karɓar maganin ciwon daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa. Abin tausayin shi ne su ne waɗanda muke ce wa, da kyakkyawar niyya, "ka riƙa ɗan taɓa aikin lambu, zai motsa maka jini". Shawarar tana da kyau. A bar su da ban ruwa da dashe da tsinka, juya taki kuma wani ya yi musu.

Wasu za su ce ai su ba sa haɗa taki, na buhu suke saya, wanda kamfani ya tace ya ɗaure. To a nan ma akwai magana. Akwai cutar huhu mai suna Lejiyonela, wadda aka fara ganewa bayan ta kwantar da mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya a 1976. Wadda aka fi sani daga ruwan na'urorin sanyaya gini take fitowa. Amma tana da wata 'yar'uwa da aka fara ganowa a 1980 a jikin wani majinyaci a Long Bich ta jihar Kalifoniya, ita kuma a cikin taki da ƙasar tukwanen shuka take zama. A Ostireliya da Niyu Zilan wannan nau'in yana cikin manyan masu haddasa cutar, kuma tana ƙaruwa a lokacin da mutane suka fi shiga lambu. Shi ya sa a Ostireliya buhunan ƙasar shuka ke ɗauke da gargaɗin lafiya a jikinsu. An kuma samu masu lambu da suka kamu da ita a Sikotlan.

Ka duba yadda muke buɗe irin wannan buhun. Ya kwana biyu a rana, cikinsa ya yi gumi, ledar ta ɗan kumbura. Sai mutum ya rungumo shi, ya sunkuya a kansa, ya sa yatsu ya yage bakin da ƙarfi, iskar ciki ta fito kai tsaye zuwa hancinsa. Wani ma har ya kai fuska ya sansana, don ya ji ko mai kyau ne. Duk abin da ya hayayyafa a cikin ɗumin nan, ga shi an ba shi hanya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu manyan shekaru, da masu shan taba, da masu tsohon ciwon ƙirji.

Maganin wannan duka bai fi ƙarfin kowa ba, shi ya sa rashin faɗarsa ke ba ni haushi. Ruwa ne. Jiƙaƙƙen taki ba ya tashi sama. Kafin ka juya tari, ka yayyafa masa ruwa a hankali, ba da ƙarfin da zai watsa shi ba, ka ba shi ɗan lokaci ya tsuma. Buhu kuma ka yanka bakinsa da almakashi a fili, fuskarka a gefe, ka zuba ruwa kaɗan a ciki kafin ka sa hannu. Ka tsaya yadda iska za ta kwashe ƙurar ta yi gaba da ita. Kada ka yi aikin a rufaffen ɗaki, in ka zo share wurin ma ka fara jiƙa shi. Takunkumi yana taimakawa, amma a san cewa ƙyalle ko sakwarkwataccen takunkumi ba ya tare abu mai ƙanƙantar nan yadda ake so. Irin N95 wanda ya kama fuska sosai shi ne na wannan aikin.

Sai maganar rauni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka fata take da ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa ce ke kawo tatanas, cutar sarƙe haƙora. Ba ita ba ce. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, tana iya kwanciya shekara da shekaru tana jira, ƙusa ko ƙaya hanya kawai suke buɗe mata. Ba ta son iska, don haka siririn suka mai zurfi wanda bakinsa ya rufe da wuri ya fi mata daɗi a kan babban yanka mai zubar da jini. Wato raunin da muka fi rainawa ke nan: ƙaya ta soke ka, ka cire, ka matse wurin, ka ci gaba da cuɗa taki da hannun. Alamun sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin mutum ya manta da zancen ƙayar. Allurar rigakafinta tana aiki sosai, amma ƙarfinta yana raguwa, shi ya sa a ƙasashe da yawa ake ba da shawarar sabunta ta duk bayan shekara 10. Manya nawa ne a cikinmu za su iya tuna ranar da aka yi musu ta ƙarshe? In ka ji rauni a lambu, ka bar aikin nan take, ka wanke da ruwa mai gudu da sabulu, in mai zurfi ne ka je asibiti a ranar. Mai ciwon suga kuwa ko ƙwarzane bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Ƙafa ma a sa mata takalmi rufaffe. Akwai tsutsar ciki da ke huda lafiyayyar fatar ƙafa ta shiga, ta je hanji ta riƙa shan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa.

Ɗanyen kashin dabbobi shi ma ba abin zubawa a gindin ganyen da za a ci ɗanye ba ne. Yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa irin su Salmonela da muguwar Ikolai. Zafin tarin taki yana kashe su, amma sai ya kai wajen digiri 55 na Salshiyos ya kuma daɗe a haka. A ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka, tarin da ake juyawa sai ya riƙe wannan zafin kwana 15, an juya shi sau 5, domin gefen tari ba ya zafi kamar tsakiya. In kuma ɗanyen kashi aka zuba a gona, sai an bar kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ƙaramin tarin bayan gida sau da yawa ba ya kai wannan zafin ko kusa, saboda haka ni dai ban yarda a sa kashin kare ko na kyanwa a cikinsa ba, balle na mutum. Na kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Toksofilasma, wadda ke iya wuce shekara a ƙasa mai danshi tana da rai, kuma tana iya yi wa ɗan tayi mummunar illa. Mai juna biyu ta sa safar hannu ko da ƙasar lambu kawai za ta taɓa, don ba ta san inda kyanwa ta tona ta binne ba.

Safar hannun ma sai an san yadda ake zama da ita. Ka sa ta, waya ta yi ƙara, ka ɗauka da ita ka kara a kunci. Ka share gumi da bayanta, ka buɗe gorar ruwa da ita. Me ya rage? A cire ta kafin a taɓa fuska, sannan a wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce, aƙalla daƙiƙa 20. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya aiki sosai a hannun da ya yi dumu-dumu da ƙasa.

Na san abin da za a ce: kakanninmu sun yi noma da hannu da ƙafa a fili, me ya same su? Wasunsu abin ya same su. Wanda ƙaya ta soka ya sandare bayan mako biyu, da wanda tari ya ɗauke, ba wanda ya haɗa mutuwarsu da jujin taki, sai dai a ce ajali. Kuma a yau akwai mutane da yawa da magani ya tsawaita wa rai amma garkuwarsu ba ta da ƙarfi, suna nan a cikin gidajenmu, suna son shuka kamar kowa.

Abu na ƙarshe da nake roƙo: in zazzaɓi mai zafi ya kama ka da tari da ciwon jiki ko ƙarancin numfashi cikin kwana 2 zuwa 10 bayan ka yi aikin taki, ka je asibiti, kuma ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka yi aikin taki. Ba lallai ne ya tambaya ba. Wannan bayanin yana iya canza maganin da zai rubuta, domin magunguna dangin fenisilin, irin su amoksisilin, ba sa kashe Lejiyonela, kuma gwajin fitsarin da aka saba yi mata ba ya kama nau'in da ke cikin taki.