Aikin Wucin Gadi Ga Ɗalibai A Amurka: Kuɗin Na Bin Makaranta Maimakon Mabuƙaci

A tsakanin watan Maris da Afrilu na kowace shekara, manyan makarantun Amurka kan aika wa matasan da suka samu gurbin karatu takardar da ke zayyana tallafin da za a ba su. A layin farko akan rubuta kuɗin kyauta wanda ba a mayarwa, irin tallafin Pell na gwamnatin tarayya da ake ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wanda iyakarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. A layi na biyu akan rubuta bashi. Sai kuma layi na uku, inda akan ga sunan wani shiri, Federal Work-Study, da wani adadi a gefensa, a ce dala 2,000. Iyaye da dama kan tara waɗannan layuka uku su cire jimillar daga kuɗin makaranta, hankalinsu ya kwanta, alhali kuwa abin da ke layi na uku izini ne kawai na neman aiki a harabar makaranta. Sai ɗalibi ya je ya nemi gurbin da kansa, an ɗauke shi, ya yi aikin, kafin kwabo ya shiga aljihunsa. Idan guraben sun ƙare kafin ya isa, adadin ya tsaya a kan takarda ke nan.

Tsarin shirin ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibi zai cike takardar neman tallafi ta tarayya da ake kira FAFSA, wadda ke nuna samun iyalinsa, ofishin tallafin ɗalibai na makarantarsa kuma ya duba ko yana cikin mabuƙata. Idan an ɗauke shi aiki, gwamnatin tarayya kan biya har kashi 75 cikin ɗari na albashinsa, makarantar ta cike sauran. Doka ta ce a biya shi aƙalla sau ɗaya a wata, kuma kada ladan awa ɗaya ya gaza mafi ƙarancin albashi na tarayya, wato dala 7.25, adadin da bai motsa ba tun 2009, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu sama da haka. Ayyukan kuwa sanannu ne: jera littattafai a ɗakin karatu, wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, amsa waya a ofishin shugaban sashe, zama a bakin ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai ana duba katin shaida. Wajibi ne kuma kowace makaranta ta kashe aƙalla kashi 7 cikin ɗari na kasonta a kan hidimar al'umma, kamar koya wa yaran firamare karatu. Idan aka yi lissafi, dala 2,000 a kan ladan dala 10 a awa ta ba da awa 200, wanda bai kai awa bakwai a mako ba a tsawon shekarar karatu. Wannan kuɗin littattafai ne da na mota da ɗan abinci, bai kusanci kuɗin makaranta ba.

An kafa shirin ne a 1964, a cikin dokar yaƙi da talauci da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965. Johnson ya san abin daga tushe, domin shi kansa ya yi aikin shara da na ɗan aike a kwalejin horon malamai ta San Marcos a jihar Texas don ya riƙe kansa, sannan a 1935 ya shugabanci reshen Texas na hukumar matasa da gwamnatin Roosevelt ta kafa, wadda ita ma ta riƙa biyan ɗalibai ladan aiki don kada fatara ta kore su daga aji.

A ganina manufar shirin tana nan da ƙarfinta har yau, kuma hujjar ba ta da nisa. Ɗan talaka a Amurka zai yi aiki ko da shirin ko ba shirin, tunda haya da abinci ba sa jiran ranar kammala digiri. Abin tambaya shi ne a ina zai yi shi. Mai gidan abinci ko manajan kanti a cikin gari ba ruwansa da jarrabawar ranar Alhamis, jadawalin aikinsa ya sani, kuma wanda ya ƙi zuwa aikin dare ya san akwai mai jiran gurbinsa. Jami'in ɗakin karatu kuwa shi da ɗalibin kalandar makaranta ɗaya suke bi, ya san makon jarrabawa, yakan rage masa awanni ba tare da an roƙe shi ba, sannan yaron bai ɓata awa guda a hanya ba. Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba: abin da ɗalibi ya samu ta wannan shiri ba a lissafa shi a cikin samunsa idan za a auna buƙatarsa a shekara mai zuwa, don haka aikin ba ya rage masa tallafi. Binciken Judith Scott-Clayton ta Jami'ar Columbia da abokiyar aikinta Veronica Minaya ya nuna cewa waɗanda suka shiga shirin sun fi takwarorinsu yiwuwar kammala digiri da samun aiki bayan karatu, kuma amfanin ya fi bayyana a wurin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da ke makarantun gwamnati.

To amma a nan gizo ke saƙar, domin waɗanda shirin ya fi yi wa amfani su ne suka fi shan wuyar samunsa. Majalisar Dokokin Amurka kan ware kimanin dala biliyan 1.2 a shekara, sai dai kuɗin ba ya tafiya kai tsaye ga ɗalibi kamar yadda tallafin Pell ke bin mai shi duk makarantar da ya shiga. Makarantu ake raba wa, su kuma su zaɓi wanda za su ba. Rabon kuwa hawa biyu ne. Da farko akan ba kowace tsohuwar makaranta wani kaso tabbatacce gwargwadon abin da ta samu a shekarar kasafi ta 1999, shi ma kason 1999 ɗin gādo ne daga rabon shekarun da suka gabace shi, lokacin da tsofaffin jami'o'i masu ƙwararrun ma'aikata suka fi kowa iya rubuta takardar neman kuɗi. Abin da ya rage bayan wannan sai a raba shi bisa giɓin da ke tsakanin tsadar karatu a makarantar da abin da iyalan ɗalibanta za su iya biya. Ma'anar wannan ita ce, duk makarantar da ta fi tsawwala kuɗi ita ce za ta fi nuna buƙata a kan takarda.

Sakamakon a bayyane yake. Jami'o'i masu zaman kansu, ciki har da masu tarin dukiyar waƙafi, suna samun kason da ya zarce yawan talakawan da ke cikinsu, yayin da kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, inda uwa mai goyo da ɗan baƙin haure da wanda ya dawo aji bayan rasa aiki suke karatu, ba sa samun ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. Ɗalibin da iyayensa ke da rufin asiri daidai gwargwado, in yana jami'a mai tsada, zai iya cancantar aikin saboda tsadar makarantarsa ta mayar da shi mabuƙaci, wanda kuwa ya fi shi talauci a kwaleji mai arha a ce masa kuɗin bana ya ƙare. Jihohin kudu da na yamma, waɗanda yawan ɗalibansu ya ƙaru sosai bayan 1999, su ma suna ɗaure da rabon da aka tsara tun kafin a haifi yaran da ke ajujuwansu yau.

Masu son a datse shirin suna kafa hujja da wannan lahani, kuma ba zan ce hujjarsu ba ta da tushe ba. Gwamnatin Donald Trump ta nemi a rage kuɗin da kusan rabi a 2017, majalisa ta ƙi, sannan a kasafin da ta gabatar a 2025 ta sake neman a zaftare dala miliyan 980, bisa dalilin cewa masu ɗaukar aiki ne ya kamata su biya ma'aikatansu. Gaskiya ne cewa jami'a mai biliyoyin daloli a asusunta tana iya biyan mai jera mata littattafai ba tare da taimakon baitulmali ba. Sai dai idan aka datse kuɗin aka bar tsarin rabon yadda yake, jami'a mai wadata za ta cike giɓin daga aljihunta ta ci gaba da harkarta, ƙaramar kwaleji kuwa guraben za ta rufe, ɗalibanta su koma aikin dare a cikin gari. Gyaran da ya dace shi ne a soke kason gādo sannu a hankali cikin 'yan shekaru, a raba kuɗin gwargwadon yawan masu karɓar tallafin Pell a kowace makaranta, a kuma hana makarantu jera ladan aikin da ba a yi ba tukuna a sahu ɗaya da kuɗin kyauta a takardar tallafi.

Wannan batu na takarda ya shafi iyayenmu masu tura 'ya'yansu karatu Amurka, domin Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan ɗalibai a can. Shirin na 'yan ƙasa ne da wasu rukunin baƙi kamar masu izinin zama na dindindin. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya cikinsa, ko da yake yana da damar yin aiki a harabar makaranta har awa 20 a mako lokacin zangon karatu, muddin ba daga kuɗin shirin ake biyan albashin ba. A makarantun da suka ware guraben ɗakin karatu da na ofisoshi don masu tallafin tarayya, abin da kan rage wa baƙo sau da yawa shi ne ɗakin girki da wanke-wanke.

Abin takaici shi ne ba a rasa masaniyar gyaran ba. 'Yan jam'iyyar Republican a majalisar wakilai sun gabatar da ƙudirin sauya tsarin rabon a 2017, 'yan Democrat ma sun kawo nasu a 2019, kuma babu wanda ya zama doka. Rabon da a yi wa dokar ilimi mai zurfi cikakken garambawul tun 2008, kuma makarantun da za su yi asara idan an taɓa kason gādo su ne masu tsofaffin ɗalibai a majalisa da wakilai masu kai-komo a Washington, abin da kwalejin al'umma a wani ƙaramin gari ba ta da shi.